Sauya Sirdin Babur: Abubuwan Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Sirdin babur, wanda wasu ke kira kujera, abu uku ne aka haɗa: farantin ƙasa na ƙarfe ko na roba mai tauri, soson da ke kansa, da ledar da aka rufe su da ita. A kansa ne mafi yawan nauyin matuƙi da na wanda ya goya yake sauka, kuma ta cikinsa girgizar inji da gargadar hanya suke isa ƙugu da gadon baya. Ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu da ke wuni a kan Bajaj Boxer, Jincheng, TVS ko Haojue, da malamin makaranta mai zuwa ƙauye kullum, duk sukan kai lokacin da sirdin asali ya mutu. Alamunsa a bayyane suke: soso ya lotsa a tsakiya, mutum yana jin farantin a ƙarƙashinsa, leda ta tsage, ko kuma ruwa yana tsattsafowa idan an zauna bayan an yi ruwan sama.

Laushi da ƙwarin soso

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna sirdi da laushinsa. Mai saye yakan danna da hannu, ya ji yatsa ya nutse, ya ce ya samu mai daɗi. Soso mai laushi sosai, irin ragowar na katifa da wasu masu ɗinkin kujera ke cusawa, yana matsewa gaba ɗaya bayan ɗan zama kaɗan, sai nauyin mutum ya koma kan faranti. Soso mai ƙwari yana riƙe nauyin ya raba shi. Mafi dacewa shi ne a sa mai ƙwari a ƙasa, kamar wanda ake yi da gutsattsarin soso da aka matse da gam, sannan a ɗora siririn mai laushi a sama. Wajen gwaji a danna babban yatsa da ƙarfi. Idan ya taɓo faranti, ko ramin ya daɗe bai ciko ba, soson ba zai yi ƙarko ba.

Faɗi da siffa

Mutum yana zama ne a kan ƙasusuwa biyu da ke ƙasan ƙugu. Sirdi mai kyau yana da isasshen faɗi a wurin zama don ya tallafi ƙasusuwan nan, sannan ya tsuke ta wajen tanki don cinyoyi su sauka ba tare da an ware su ba. Idan ya yi siriri ko ya yi tozo a tsakiya, nauyi yakan sauka a tsakanin cinyoyi, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke bi. Daga nan ake samun mutuwar jiki a wurin da kuma zogi bayan doguwar tafiya. Sirdin da ya gangara gaba yana tura matuƙi kan tanki duk lokacin da ya taka birki, ya bar wa hannaye da kafaɗu aikin tokare jiki. Wanda ke shimfiɗe, da ɗan tudu kaɗan tsakanin matuƙi da na baya, ya fi ba da damar gyara zama a hanya.

Tsayi daga ƙasa

Yawancin ƙananan baburan da ake hawa a Najeriya da Nijar tsayin sirdinsu daga ƙasa yana tsakanin santimita 75 da 82. Ƙara soso yana ƙara wannan tsayi. Dole ne ƙafafun matuƙi su taka ƙasa sosai idan ya tsaya, musamman a cikin yashi ko taɓo da kaya a baya, inda tsayawa da 'yan yatsun ƙafa kan jawo faɗuwa. Rage soso da yawa kuma yana lanƙwashe gwiwa fiye da kima, ya gajiyar da ƙugu.

Leda

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, kuma baƙar ledar da ta sha rana takan fi iskar wurin zafi nesa ba kusa ba. Leda mai ɗan kaushi ta fi mai sheƙi, domin mai santsi tana zamar da mutum a kwana ko a birkin gaggawa. Saboda wannan dalili ya kamata a cire farar ledar da sabon sirdi ke zuwa da ita, wadda wasu ke bari don a san babur sabo ne, kuma kada a goge sirdi da mai don ya yi ƙyalli. Ramukan allura na ɗinki su ne ƙofar ruwa da damina. Soson da ya jiƙe yana ruɓewa, ya sa faranti tsatsa, ya kuma jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Gwanin mai ɗinki yakan shimfiɗa siririyar leda tsakanin soso da murfi, ya kai ɗinkin gefe. Rufin raga mai kauri da ake ɗaurawa a sama yana barin iska ta ratsa, muddin an ɗaure shi tam.

Dacewa da jikin babur

Kowane samfurin babur yana da inda ƙugiyar sirdinsa ke shiga da inda notinsa ke kamawa. Sirdin wani samfuri da aka ɗaure da waya ko igiyar roba yana iya gocewa ana cikin tafiya, ko ya danne wayoyin wuta da bakin shan iskar inji. A duba ƙananan robobin da ke ƙarƙashin faranti, domin su ne ke hana ƙarfe gugar ƙarfe. Idan farantin asali lafiyarsa ƙalau, sau da yawa ya fi a kai shi a sake masa soso da leda, a wurare irin Panteka ta Kaduna ko wurin masu ɗinkin kujera na gari, da a sayi sabo mai siririn faranti. Araha ba ta ado.

Akwai hatsari a tsawaita sirdi har kan kariyar ɗaukar kaya don a ɗauki mutum uku ko huɗu. Nauyin da ya wuce tayar baya yana sauƙaƙa tayar gaba, kan babur ya riƙa rawa, birkin gaba ya rage kamawa.

Abin da sirdi ba ya gyarawa

Idan shokozoba ta mutu, ko an cika taya da iska fiye da yadda kamfani ya rubuta, sabon sirdi ba zai hana bugun ramuka ba, don haka bakanike ya fara duba waɗannan. Kafin a biya kuɗi a ɗora sirdin a kan babur a ɗan zaga da shi, domin zaman minti ɗaya a shago ba ya nuna komai. Mai doguwar tafiya ya riƙa sauka bayan kowace awa ɗaya ko biyu ya miƙe ƙafa. Ciwon bayan da ke sauka har ƙafa, ko mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi da ba ta wucewa bayan an sauka, ko jini a bayan gida, al'amura ne na asibiti, ba na mai ɗinkin kujera ba.