CIWON KUNNEN YARA A YOLA DA JIMETA: INA IYAKAR MAGANIN GIDA?

Duk magidancin da ya bar iyalinsa a Yola ko Jimeta ya taho Ikko, ko Badun, ko Fatakwal neman abinci, ya san irin saƙon nan da kan iso da sassafe: jiya yaro bai runtsa ba, kwana ya yi yana kuka yana jan kunne, amma an ɗiga masa man shanu ya ɗan lafa. Bayan kwana biyu sai wani saƙon ya biyo baya, cewa an sami sauƙi, ciwon ya fashe, ruwa ya fito, har yaro ya koma wasa. Daga nan sai maigida ya yi hamdala ya ci gaba da harkarsa. To, wannan saƙo na biyu shi ne ya fi cancanta ya tsaya a kansa, domin sau da yawa ruwan nan da ya fito shaida ce ta cewa dodon kunnen yaron ya huje.

A Yola da Jimeta ciwon kunne yakan bi yanayi. Da hunturu, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, ƙura da sanyi sukan kawo mura, ita kuwa mura ita ce uwar ciwon kunne irin na ciki. Da bazara kuma, a Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura awo 40, yara sukan tafi wanka kogin Binuwai ko tafkin Geriyo, ruwa ya kwanta musu a kunne, fatar ramin kunnen ta kumbura. Wannan shi ne ciwon waje, ana kuwa gane shi da cewa in an ja leɓatun kunnen yaro sai ya yi ƙara. Na ciki shi ne ya fi yawa ga ƙananan yara, musamman 'yan wata 6 zuwa shekara 2, shi ne kuma ya fi ɓarna.

Ga yadda abin yake. Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai iska, wanda wata siririyar hanya ta haɗa shi da bayan hanci. Ga yaro ƙarami wannan hanya gajeriya ce, a kwance take, saboda haka mura tana toshe ta nan da nan. Da ta toshe sai ruwa ya taru a ɗakin, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, mugunya ta cika shi ta riƙa tura dodon kunne. Turin nan shi ne azabar da ke hana yaro barci. In ya yi yawa sai dodon ya yage, mugunya ta sami mafita, zafi ya sauka. Abin da iyaye ke ɗauka waraka ce ke nan.

Magungunan da aka saba da su a gida sanannu ne: man shanu, man ja, man gyaɗa, man kaɗanya, man zaitun, man habbatus sauda, ruwan albasa ko na tafarnuwa, wasu ma nonon uwa suke tatsawa a kunnen. Ba wanda ke yin haka don mugunta, hasali ma mai in yana da ɗan ɗumi yakan sanyaya wa yaro na ɗan lokaci. Sai dai in dodon kunne bai huje ba, man ba shi da hanyar kaiwa inda cutar take, a waje yake tsayawa. In kuwa ya huje, to man zai wuce ciki tare da duk ƙazantar da ke cikinsa, ya jiƙa wurin da ake so ya bushe. Ruwan albasa da na tafarnuwa suna iya ƙona fatar ciki, haka ma mai in ya yi zafi. Sosa kunne da gashin kaza ko tsinken ashana kuwa kan ƙara yaga ramin ne kawai.

Abin da ya sa aka yarda da waɗannan magunguna shi ne, ciwon kunne na ciki da yawa yakan lafa don kansa cikin kwana 2 ko 3, ko an ɗiga wani abu ko ba a ɗiga ba, sai yabo ya tafi ga abin da aka ɗiga. Mai yana da nasa amfani, wajen tausasa dauɗar kunne da ta daskare, ko kashe ƙwaron da ya shiga kunne, amma da sharaɗin dodon yana nan lafiya. Wannan kuwa ba mai iya tabbatar da shi sai wanda ya leƙa da fitilar duba kunne ta asibiti.

Wannan ba ya nufin uwa ta naɗe hannu. In yaro ya fara kuka da kunne, a ba shi farasitamol na yara gwargwadon nauyinsa, yadda malamin asibiti ya nuna. Kada a ba yaro asfirin. A ɗora masa tsumma mai tsabta mai ɗan ɗumi a bayan kunne daga waje. A ci gaba da ba shi nono da ruwa, a riƙa share masa hanci. In ya kwana 2 bai ji sauƙi ba, ko zazzaɓi ya yi zafi, ko kuwa bai kai wata 6 ba, sai asibiti, ba jira.

In kunne ya riga ya fara zubar da ruwa, babban aikin gida shi ne busar da shi. Hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya take koya wa ma'aikatan lafiya ba ta cin ko kwabo. Uwa ta wanke hannu, ta sami ƙyalle mai tsabta mai shan ruwa, ta murza shi kamar lagwanin fitila, ta sa a ramin kunne a hankali. Da ya jiƙe ta cire, ta sa sabo, har sai ya fito a bushe. A yi haka aƙalla sau 3 a yini. Kada a naɗa ƙyallen a tsinke, kada a bar auduga toshe a kunne, kada ruwan wanka ya shiga, kada kuma yaron ya je kogi sai ya warke.

Busarwa taimako ce, ba ta ɗauke zuwa asibiti ba. Bisa ƙa'idar hukumar, in ruwan bai kai kwana 14 yana zuba ba, ana ba yaro maganin sha mai kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoksisilin, na kwana 5, sa'an nan a komo a sake dubawa. In ya kai kwana 14 ko fiye, ciwon ya zauna ke nan, maganinsa kuma dabam ne, na ɗigawa ne wanda likita zai zaɓa. A nan ne sayen maganin ɗigawa a kemis da ka yake da haɗari, domin akwai waɗanda in sun ratsa hujajjen dodo sukan lalata jin yaro.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su a gida: kumburi mai zafi a ƙashin bayan kunne, sanƙarewar wuya, farfaɗiya, amai ba tsayawa, karkacewar baki, ko yaro ya yi laushi ya ƙi shan nono. Ɗakin nan na bayan dodo ƙashi ne siriri ya raba shi da ƙwaƙwalwa, mugunya kuwa tana iya ratsawa ta haddasa sanƙarau.

Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2004 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 65 zuwa miliyan 330 ne ke fama da kunne mai zubar ruwa a duniya, kuma wajen kashi 60 cikin 100 nasu jinsu ya ragu. A 2021 hukumar ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji ga yara abu ne da za a iya hanawa. Yaron da ke ji sama-sama yakan yi jinkirin magana. In ya shiga makarantar allo ko ta boko sai a ce ba ya ganewa, ko a ce taurin kai gare shi, a yi ta dukansa, alhali muryar malam ce ba ta isa gare shi sosai.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Nonon uwa zalla har wata 6 yana rage ciwon kunne. Ba jariri bulumboti yana kwance, da zama da shi a goye cikin hayaƙin murhu, da shan taba a ɗakin da yake kwana, duk suna ƙara shi. Allurar ƙyanda da ake yi a wata 9, da ta ciwon huhu wadda aka fara yi wa jarirai a Nijeriya a ƙarshen 2014, suna kare yaro daga wasu cututtukan da kan gangara kunne.

Wuraren zuwa ba su ɓuya ba. Ban da ƙananan asibitocin unguwa, akwai Asibitin Ƙwararru a Jimeta, da asibitin tarayya na Yola wanda ya koma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. In abu ya gagara akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Wanda iyalinsa ke tare da shi a kudu, ga asibitin koyarwa na Idi-Araba a Ikko, ga na Badun.

Saboda haka magidancin da ke nesa da gida, in aka ce masa yaro yana ciwon kunne, ya yi tambaya uku: kwana nawa ke nan, akwai ruwa ko babu, bayan kunnen ya kumbura ko bai kumbura ba? In an ce akwai ruwa, ya roƙi uwar yaron da kakarsa cikin ladabi su ajiye kwalbar mai, ya aiko da kuɗin Keke Napep da na kati a ranar, ya kuma sake bugowa ya ji abin da likita ya ce. Allah ya raya zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi.