Lissafin Haɗa Magani da Ruwa

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu muna da 'ya'ya masu koyon aikin jinya a Vom da sauran wurare. Sukan ce tambayar da ta fi kā da su a jarrabawa ita ce ta tsarma magani da ruwa. To, wannan lissafi namu ne mu ma, gama shi muke yi duk ranar da muka ɗauki famfon feshi.

Ga ƙa'idar. Ka ɗauki ƙarfin da kake so, ka raba shi da ƙarfin da ke rubuce a jikin kwalba, sa'an nan ka riɓa da yawan ruwan maganin da kake bukata. Abin da ya fito shi ne maganin da za ka auna. Sauran duka ruwa ne.

Misali. An ce wa ɗaliba ta haɗa mililita 500 mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, ga shi kwalbar da ke hannunta mai kashi 10 ce. In ta raba 2 da 10, ta riɓa da 500, za ta sami 100. Wato magani mililita 100, ruwa mililita 400.

A nan ne akan yi tuntuɓe. Wasu sukan zuba 100 ɗin nan cikin ruwa 500. Haɗin ya zama 600 ke nan, ƙarfinsa kuwa ya ragu. Haka kuma in takarda ta ce "1 cikin 10", nufinta awo ɗaya na magani, awo tara na ruwa.

Bari mu kawo shi gida. Lokacin cutar Ebola a 2014, ma'aikatan lafiya sun yi ta wanke wurare da ruwan kulorin mai kashi 0.5. In kwalbar Jik ta ce kashi 3.5, raba 3.5 da 0.5, ka sami 7. Cire ɗaya, saura 6. Kofi ɗaya na Jik, kofi shida na ruwa. Wannan zai yi maka wajen wanke akurkin kaji da kwanonin ruwansu, amma sai ka kankare kashin tukuna, ka kuma ɗauraye kwanonin. Na wanke hannu kashi 0.05 ne: kofi ɗaya na wancan haɗi, kofi tara na ruwa. A haɗa sabo kowace rana, gama ƙarfinsa yakan tafi. Kada a gauraya shi da wani magani.

A gona lissafin ya fi sauƙi. In takardar maganin ƙwari ta ce mililita 5 a kowace lita, famfonka kuma yana cin lita 15, mililita 75 za ka auna. Ka fara zuba ruwa rabin famfo, ka sa maganin, sa'an nan ka cika.

Kada mu ce "bari in ƙara kaɗan don ya yi ƙarfi". In ya yi yawa, zai iya ƙone ganyen wake, ya cuci mai feshi, kuɗin ƙungiya kuma su tafi a banza. In ya gaza, ƙwari su sha su tashi.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta sayi kofin awo mai lamba, a ajiye shi nesa da madafa da hannun yara. A taro na gaba kowa ya zo da takardar maganinsa, mu yi lissafin tare a kan allo. Ɗaliban da suka zo hutu su ma su zo su taimake mu. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanmu.