Yadda Lardin Kebek Ya Sami Kujera a UNESCO

Ƙasar Kanada ba ta da ma'aikatar ilimi ta tarayya. Tsarin mulkinta na 1867 ya damƙa makarantu a hannun larduna, kowanne da manhajarsa da malamansa. To idan an kira taron ilimi na duniya, wa zai je? Gwamnatin tarayya da ke Otawa ce ke da hurumin hulɗa da ƙasashen waje, amma makarantun da za a yi magana a kansu ba a hannunta suke ba.

Tun a 1937 kotun ƙoli ta daular Birtaniya da ke Landan ta yanke cewa tarayya na iya sa hannu a yarjejeniya, amma in batun na larduna ne, ba ta da ikon tilasta musu aiki da ita. Kebek, lardin da mafi yawan mutanensa Faransanci suke ji, shi ya fi kowa cin moriyar wannan giɓi. A watan Afrilun 1965 ministan iliminsa, Paul Gérin-Lajoie, ya tsaya gaban wakilan ƙasashen waje a Montreal ya ce duk abin da lardi ke da iko a kansa a gida, yana da ikon tattauna shi a waje. Watanni biyu kafin nan ma Kebek ya riga ya ƙulla yarjejeniyar ilimi da Faransa.

Otawa ta haɗiye wannan da ƙyar. Abin ya fashe a 1968, lokacin da Gabon ta gayyaci Kebek kai tsaye zuwa taron ministocin ilimi a Libreville, aka karɓi tawagarsa kamar ta ƙasa mai cin gashin kanta. Kanada ta fusata, ta dakatar da hulɗar jakadanci da Gabon.

A Yamai aka lalubo hanyar sulhu. Shugaban Nijar Diori Hamani ya karɓi baƙuncin tarukan 1969 da 1970, inda a ranar 20 ga Maris 1970 aka kafa hukumar haɗin gwiwar al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci. An sha ja-in-ja kafin a yarda da wani matsayi na tsaka-tsaki: gwamnatin yanki na iya shiga ayyukan hukumar, muddin uwar ƙasa ta amince. Kebek ya sami wannan matsayi a 1971, lardin New Brunswick ya biyo baya a 1977. Sakatare-janar na farko ma ɗan Kebek ne, Jean-Marc Léger. 

UNESCO kuwa ƙofarta ta fi wuyar buɗewa, don ƙuri'a ta ƙasashe ce. Kebek ya bi ta wata hanya. Ya haɗa kai da Faransa da Otawa wajen neman yarjejeniyar da za ta ba kowace ƙasa damar tallafa wa finafinanta da littattafanta da waƙoƙinta, kada a ɗauke su kamar sauran hajar kasuwa. Ga al'ummar da masu jin Turanci suka kewaye ta ko'ina, wannan batu ne na rayuwa. A watan Oktoban 2005 ƙasashe 148 suka amince, Amurka da Isra'ila suka ƙi. Bayan wannan nasara, ranar 5 ga Mayu 2006 Firaminista Stephen Harper da shugaban gwamnatin Kebek Jean Charest suka sa hannu a kan ba lardin wakili na dindindin a cikin tawagar Kanada da ke Faris.

Wakilin nan Kebek ke zaɓarsa, yana zama cikin ofishin tawagar, yana ganin takardu, kuma gwamnatinsa na iya magana a zaman taro. Amma tuta ɗaya ce, ƙuri'a ma ɗaya, ta Kanada. Shi ya sa masu son ɓallewar Kebek suka raina tsarin, suna ganin zaman ɗan rakiya ne.

A ganina sun yi saurin yanke hukunci. Kafin Otawa ta ɗauki matsaya a UNESCO a kan ilimi ko al'adu sai ta tuntuɓi Kebek, in kuma aka saɓa ta yi gaban kanta, lardin ne kaɗai zai yanke ko zai aiwatar da abin a makarantunsa da gidajen tarihinsa.