Kalmar "Simmer" Da Yadda Ake Amfani Da Ita

Ya ku ɗalibai, sau da yawa in na tambayi aji ma'anar "simmer", sai a ce mini tafasa. Wannan kuskure ne, kuma yana iya jawo muku asarar maki a jarrabawa, da asarar miya a gida.

Turawa sun raba abu biyu. "Boil" shi ne tafasa sosai, ruwa na tsalle a tukunya. Ruwa yakan tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selsiyos a bakin teku, amma a wuri mai tudu kamar Jos yakan tafasa a wajen digiri 96. "Simmer" kuwa dahuwa ce a hankali, zafin bai kai na tafasa ba, wajen digiri 85 zuwa 95. Alamarsa ita ce 'yan ƙananan kumfa da ke tasowa ɗaya bayan ɗaya. Iyayenmu mata sun san wannan tun da daɗewa. In miya ta tafasa, sai su janye itace biyu daga murhu, su bar ta ta dahu sannu sannu.

Me ya sa ake yin haka? Muddin da ruwa a tukunya, in ya tafasa, ƙara wuta ba ta ƙara masa zafi, sai dai ruwan ya ƙone, itace ya ƙare a banza. Ƙaramar wuta kuwa ita ke sa jijiyar nama ta yi laushi, wake ya dahu ba tare da ya kama gindin tukunya ba.

Ga yadda ake sa ta a jimla: "Let the soup simmer for 20 minutes." Wato a rage wuta, a bar miya ta dahu a hankali na minti 20. In abin ya wuce, a ce "simmered". Ku lura, harafin m biyu ne.

Akan kuma ari kalmar ga halin mutum. "Simmering anger" shi ne fushin da ke cin mutum a ciki, bai fito fili ba tukuna. In malami ya ce wa aji "Simmer down", yana nufin a kwantar da hankali, a yi shiru.

Saboda haka, ran da kuka ga wannan kalma a takardar jarrabawa ko a littafin girki, ku tuna da murhun gidanku. Hausawa ma sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, har ya sha romonsa.