Garkuwa da Kwamfutocin Asibiti da Sakacin da ke Buɗe Mata Ƙofa

Asibitin wannan zamani ya dogara da kwamfuta kusan kamar yadda ya dogara da likita da magani, domin katin majiyyaci da sakamakon gwajin jini da hoton ƙirji da jerin masu jiran tiyata duk suna ajiye ne a cikin na'urorin da aka haɗa da juna. Wannan dogaro ne ya jawo hankalin masu kutse, musamman masu amfani da manhajar garkuwa, wato muguwar manhajar da ke kulle bayanan da ke cikin kwamfuta ta yadda ba za su karantu ba sai an biya kuɗin fansa. Sun kuma san cewa ɗakin haihuwa da sashen gaggawa ba sa iya jiran gobe.

Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta ɗanɗana kuɗarta a ranar Juma'a 12 ga Mayun 2017, lokacin da manhajar WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana neman Dala 300 a kuɗin intanet na Bitcoin kan kowace kwamfuta. Kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin ƙasar abin ya shafa, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, aka karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya daga wasu asibitoci, sannan gwamnati ta ƙiyasta asarar a kan Fam miliyan 92. Abin takaici shi ne, tun cikin watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe kafar da manhajar ta bi, amma asibitoci da dama ba su ɗora shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ƙasar Ayalan kuwa, buɗe wata takarda da ta zo ta imel a kwamfuta guda cikin Maris 2021 ne ya ba masu kutse damar yin makonni takwas suna zagaye a ɓoye, kafin su kulle akasarin kwamfutocin tsarin lafiyar ƙasar ranar 14 ga Mayu.

Na'urorin jinya su ne suka fi wuyar karewa, saboda injin ɗaukar hoton cikin jiki yakan yi shekara goma ko fiye yana aiki da tsohuwar manhaja, wadda sau da yawa asibiti ba ya da ikon taɓawa sai da yardar kamfanin da ya ƙera shi. Hatta abin da ake dasawa a jikin mutum bai tsira ba, domin a Agustan 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar da cewa na'urorin daidaita bugun zuciya kimanin 465,000 na kamfanin Abbott suna buƙatar sabunta manhajarsu, bayan an gano ana iya yi musu kutse ta iska daga kusa. Shi ya sa ƙwararru ke raba injunan jinya da layin intanet ɗin da ma'aikata ke duba imel a kai.

Asibitocin Najeriya da ke barin katin takarda suna komawa kwamfuta suna gadon wannan haɗari tare da sauƙin da suka samu, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman. Ma'aikacin da ke soka filashi ɗinsa na gida a kwamfutar ɗakin gwaji, ko ya liƙa kalmar sirri a jikin allo don abokan aiki su huta da tambaya, yana aikata irin sakacin da ya durƙusar da manyan asibitocin Turai. Wajibi ne hukumar asibiti ta riƙa sabunta manhaja a kan kari, ta ajiye kwafin bayanai a ma'ajiyar da ba ta haɗe da intanet, ta kuma gwada aiki da takarda da biro kafin ranar da za a tilasta mata. Majiyyaci shi ma yana da nasa rabon, wato ya adana kwafin sakamakon gwajinsa da sunayen magungunansa, ya kuma ƙi ba da lambar sirrin banki ga duk mai kira ko saƙon WhatsApp da ya ce daga asibiti yake.