Ina Salamandar Jackson Ta Shige Shekara 42?

A 1975 wasu ɗalibai biyu daga Amurka, Jeremy Jackson da Paul Elias, suka hau tsaunukan Cuchumatanes a ƙasar Gwatemala, cikin dajin da hazo ba ya rabuwa da shi. Can suka ci karo da wata 'yar halitta ruwan ƙwai, da baƙin zane kwance a gadon bayanta. In ka gan ta sai ka rantse tsaka ce, alhali salamanda ce, dangin kwaɗo. Huhu ma ba ta da shi, ta fata take numfashi. Biyu kacal suka samu, aka raɗa mata sunan Jackson. Daga nan shiru, kamar an shuka dusa.

Da farko aka ɗora laifin a kan yaƙin basasa, wanda ya hana masana shiga yankin har ya ƙare a 1996. Watakila dai ba a nema ba ne. To, da ƙura ta lafa sai Carlos Vásquez Almazán na Jami'ar San Carlos ya ɗaura ɗamara. Ya je fiye da sau 30, yana ɗaga ɓawon itace, yana leƙa ruɓaɓɓun kututture. A 2009 da 2010 aka gano wasu salamandu iri biyu da su ma suka ɓace tun shekarun 1970. Mai ruwan ƙwai kuwa ko ƙyallinta.

Sai zato na biyu, wanda ya fi sosa mini rai: ta ƙare. Ana sare dajin don noman kofi, kuma dabbar da ke numfashi ta fata, da zarar inuwa ta kau fatar ta bushe, shi ke nan. A 2014 Jackson da Elias suka koma da furfurarsu, suka dawo hannu rabbana.

Duk da haka, a 2015 ƙungiyar FUNDAECO da abokan aikinta suka sayi wani yanki na dajin suka killace. Vásquez ya tara masu gadin wurin, ya koya musu kamanninta, ya bar musu hotonta.

A watan Oktoba na 2017, wani mai gadi ɗan shekara 27, Ramos León Tomás, ya zauna cin abincin rana a bakin gandun. Idonsa ya faɗa kan abin da ya saba gani a hoton nan. Ya ɗauki hoto, aka tura wa Vásquez, ya tabbatar ita ce.

Wurin ya ɗara inda aka fara ganinta tudu da kusan mita 300, wato masu nema sun fi duba ƙasa da inda ta bayyana. Kuma ƙarama ce, ba ta gama girma ba, shaidar cewa iyayenta na nan suna haihuwa a dajin da saura ƙiris a sare. Ita ce ta uku da masana suka taɓa rubuta ganinta.