Agogo, sarƙa da zobe a wasan hoki na ƙanƙara: me doka ta yarda da shi?

Duk mai kallon ƙwallon ƙafa ya san alƙalin wasa ba ya barin ɗan wasa ya shiga fili da zobe, sarƙa ko ɗan kunne. Dokar ta ce a cire, ko manne su da filasta ma ba a yarda ba. To amma a gasar hoki ta ƙanƙara ta NHL, wadda ƙungiyoyi 32 na Amurka da Kanada ke bugawa, sai ka hango sarƙar zinare tana leƙowa daga wuyan ɗan wasa. Alex Ovechkin na Washington Capitals ya daɗe yana wasa da tasa. Yaya aka yi haka?

Dalili shi ne, dokar NHL ta fi mayar da hankali kan duk abin da zai iya ji wa wani rauni, kuma alƙalin wasa na da ikon hana shi. Sarƙa tana kwance ne a ƙarƙashin riga da sulken kafaɗa, shi ya sa ake ɗauke mata kai. A wasan yara kuwa babu wasa: hukumar USA Hockey ta hana su shiga fili da kayan ado sai in kayan kariya sun rufe su ruf, ko an manne su a jiki.

Agogo fa? Nan wasan da kansa ne ke hana shi. Faifan robar da suke bugawa nauyinsa kusan gram 170 ne, ana daskarar da shi kafin wasa, kuma yakan yi gudun da ya haura kilomita 160 a awa. Zdeno Chara ya taɓa buga shi da gudun kusan kilomita 175 a shekarar 2012. In irin wannan ya sauka kan agogo, gilashi da ƙarfe ne za su nutse cikin tsintsiyar hannu. Ga kuma sandar abokin hamayya da ke yawan sauka daidai wurin.

Zobe ya fi haɗari. A hoki 'yan wasa kan yar da safar hannu su ba hammata iska, kuma dokar NHL ta ce wanda ya yanki wani da wani abu da ke hannunsa a lokacin faɗa, korarsa za a yi daga wasan. Shi kansa mai zoben bai tsira ba. A 2004, ɗan ƙwallon ƙafa Paulo Diogo na ƙungiyar Servette ta Suwizalan ya hau shingen waya yana murnar ƙwallon da aka ci, zoben aurensa ya maƙale, ya rasa wani ɓangare na yatsa.

Saura na'urorin auna bugun zuciya da gajiya. Ƙungiyoyi na amfani da su sosai a wurin atisaye, yawanci ɗaure a ƙirji ko a baya, inda sulke ya rufe. A lokacin wasa kuwa, NHL na da tsarinta: ana saka 'yar ƙaramar na'ura a bayan rigar kowane ɗan wasa, wata kuma a cikin faifan, kyamarori a rufin filin suna bin motsinsu suna auna gudu da nisa. Sai dai bayanan lafiyar jiki abu ne da 'yan wasa ke kaffa-kaffa da shi. In na'ura ta nuna ƙarfinka ya fara raguwa, ai da wannan za a zauna da kai ranar sabunta kwantiragi.

Abin da ake son gani a wuyan ɗan wasa yanzu shi ne makarin wuya. A watan Oktoba na 2023, kaifin ƙarfen takalmin wani ɗan wasa ya yanki Adam Johnson na Nottingham Panthers a wuya a birnin Sheffield na Ingila, ya rasu. Bayan nan hukumar hoki ta duniya, IIHF, ta wajabta makarin wuya a gasanninta.

Masu buga ƙwallo a filayen unguwa, inda babu alƙalin da zai duba hannun kowa, ku riƙa cire zobe da agogo kafin a take leda. Rigakafi ya fi magani.